Gwanjo ko Tsayayyen Farashi: Yadda Tsofaffin Katunan Besbol Suka Sami Kuɗinsu a Intanet

A watan Yuli na shekarar 2000, wani ɗan guntun kwali wanda tsawonsa bai kai inci uku ba ya shiga gwanjo a dandalin eBay. A jikinsa akwai hoton Honus Wagner, gwanin wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, kuma kamfanin taba na American Tobacco ne ya buga shi cikin jerin katunan da ya riƙa cusawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. Da aka rufe tayi, wanda ya yi nasara ya biya dala miliyan 1.265, har da la'adar masu gwanjo. A lokacin an ɗauki cinikin a matsayin shaidar cewa gwanjon intanet ya zo ke nan, kuma nan gaba da shi za a riƙa sayar da kome. Kafin shekarar ta ƙare, shi kansa eBay ya ƙara wani maɓalli mai suna Buy It Now, wanda ke ba mai saye damar biyan farashin da aka rubuta nan take ba tare da jiran kowa ba. Cikin shekara goma sha biyar wannan hanya ta biyu ta mamaye dandalin.

Tarihin tsofaffin katunan besbol ya nuna dalilin da ya sa hakan ta faru, da kuma dalilin da ya sa gwanjo bai mutu ba. Tambayar da kowane mai sayarwa ke fuskanta guda ce: shin an riga an san kuɗin abin da ke hannunsa, ko sai an nemo shi? Idan an sani, rubuta farashi ya wadatar. Idan ba a sani ba, sai a tara masu so su yi takara. Abin da ya sauya cikin shekarun nan shi ne yawan abin da aka sani game da kowane kati, da kuma inda wannan sani yake fitowa.

Kafin a san kuɗin kati

Besbol wasa ne na ƙaramar ƙwallo da sanda, wanda Amurkawa suka daɗe suna ɗauka a matsayin wasan ƙasarsu. Katunan 'yan wasansa sun faro ne a matsayin kyautar talla, da farko a kwalin sigari, daga baya a ƙunshin cingam na yara. Ba wanda ya buga su da niyyar su zama dukiya. Mutumin da ya fara tsara su shi ne Jefferson Burdick na birnin Syracuse a jihar New York, wanda ya soma fitar da 'yar mujallar masu tara katuna a 1937, ya kuma wallafa kundinsa na farko a 1939. Daga tsarinsa ne jerin katunan tabar nan ya sami lambar T206 da ake kiransa da ita har yau. A zamaninsa ana musayar katuna ta gidan waya a kan 'yan sulalla, wani lokaci kuma a yi gwanjo ta wasiƙa tsakanin mutanen da galibi sun san juna. Burdick ya miƙa tarinsa ga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, ya kuma rasu a 1963.

Ƙarancin wasu katuna ya samo asali ne daga haɗari. An daina buga katin Wagner da wuri. Wasu na cewa bai so a yi amfani da hotonsa wajen jawo yara ga taba ba, wasu na cewa kuɗi ya nema. Waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce 'yan gomomi ba. Haka katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 ya faɗo cikin rukunin ƙarshe na jerin shekarar, wanda ya fito a makare bai sami kasuwa ba. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara jerin, ya sha ba da labarin yadda daga baya aka loda ragowar a jirgin ruwa aka zubar a tekun Atlantika.

Tsayayyen farashi ya shigo kasuwar da ƙarfi ne ta hannun James Beckett, masanin ƙididdiga, wanda ya fitar da littafin farashin katuna a 1979, sannan mujallar wata-wata a 1984. Daga nan kowane kanti da kowane teburin baje koli ya sami abin dogaro. Mai kanti ya duba littafi ya faɗi kuɗi, mai saye ya duba littafin nan ya nemi ragi. Sai dai littafin yana da rauni biyu. Farashinsa ya dogara ne a kan rahoton dillalai, waɗanda ke da moriya idan kuɗi ya hau. Kuma bai iya raba gardama a kan lafiyar kati ba: abin da mai sayarwa ya kira sabo fil, mai saye na iya ganin kusurwarsa ta daƙushe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Matsalar ita ce idon mai saye da na mai sayarwa ba safai suke auna abu ɗaya ba.

Shekarar 1991 da gidan roba

Abubuwa biyu sun faru a 1991 da suka sauya kasuwar. A gwanjon Sotheby's da ke New York, tauraron wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky da attajiri Bruce McNall suka sayi katin Wagner a kan dala 451,000. Shi ne katin nan da zai shiga eBay bayan shekara tara. A shekarar kuma aka kafa kamfanin PSA, wanda aikinsa shi ne ya duba kati, ya tabbatar da sahihancinsa, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin gidan roba mai lamba. Katin farko da kamfanin ya tantance shi ne wannan Wagner ɗin, ya kuma ba shi maki 8. SGC da sashen tantancewa na Beckett suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1990.

Tantancewa ta mayar da abin da kowanensa daban yake zuwa abin da ke da aji. Katin Mantle na 1952 mai maki 5 yana da 'yan'uwa masu maki 5, kuma kamfanonin na wallafa adadin da suka tantance a kowane mataki. Mutum na iya sayen lamba ko da bai taɓa riƙe katin ba. Wannan ne ya share wa cinikin nesa hanya.

Zamanin gwanjon kowa da kowa

Pierre Omidyar ya buɗe shafin AuctionWeb a watan Satumba na 1995, aka sauya masa suna zuwa eBay a 1997. A farkonsa gwanjo ne kawai. Tsarin tayinsa yana da dabara: mai so ya rubuta iyakar abin da zai iya biya a asirce, na'ura ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda abokan takara suka matsa. Idan wani ya sa iyakar dala 300, na biye da shi ya sa 220, na farkon zai ɗauki kaya a kan abin da ya ɗara 220 da kaɗan. Wannan ya yi kusa da irin gwanjon da masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayani a 1961, inda mai nasara ke biyan kuɗin na biyu, don haka ba shi da dalilin ɓoye ainihin ƙimar abin a wurinsa. Vickrey ya sami kyautar Nobel a 1996.

Ga tsofaffin katuna, wannan ya zo daidai. Wanda ya tsinci akwatin takalmi cike da katunan mahaifinsa a ɗakin ajiya ba ya bukatar sanin kuɗinsu, ba ya kuma bukatar amincewa da dillalin unguwa. Ya ɗora hoto, ya fara da ƙaramin kuɗi, ya bar masu sani daga ko'ina su yi takara har kwana bakwai. Intanet ya kuma tona wani asiri. Katunan da aka buga da ɗimbin yawa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, waɗanda littattafan farashi suka ba daraja, sun bayyana a dandalin dubbai-dubbai, kuɗinsu ya faɗi warwas. Tsofaffin da ƙarancinsu na gaske ne suka riƙe darajarsu. Gwanjo ya yi abin da littafi ya kasa, wato nuna abin da mutane ke biya da gaske.

Amma gwanjon yana da nasa aibi. Tunda eBay na rufewa a ƙayyadadden lokaci, gogaggu suka koyi yin shiru har sai saura 'yan daƙiƙu sannan su jefa tayi, don kada su ta da sha'awar wasu. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun nazarci wannan a wata maƙala ta 2002, inda suka kwatanta eBay da gwanjon Amazon na lokacin, wanda ke ƙara minti goma duk sa'ad da sabon tayi ya shigo a ƙarshe. Sun gano cewa tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay. Shi ya sa manyan gidajen gwanjon katuna ke tsawaita lokaci har sai tayi ya ɗauke.

Aibi na biyu ya fi muni. Sayen katin da ba a tantance ba daga hoto cinikin biri a sama ne. Ginger Zhe Jin da Andrew Kato sun gwada wannan da kuɗinsu: suka sayi katunan besbol marasa tantancewa a eBay, suka aika wa ƙwararru su duba. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna cewa masu sayarwar da suka fi kurara ingancin kayansu sun fi samun kuɗi, alhali kayan nasu bai fi na sauran ba, kuma a cikinsu ne aka fi samun masu aiko da jabu ko ƙin aikowa sam. Gwanjo na iya gano abin da mutane suka yarda su biya, amma ba ya iya gano ko abin da aka gaya musu gaskiya ne.

Yadda tsayayyen farashi ya karɓe tsakiyar kasuwa

Bayan Buy It Now na 2000, eBay ya ƙara tsarin Best Offer a 2005, wanda ya dawo da ciniki irin na kasuwar gargajiya: mai kaya ya faɗi kuɗi, mai so ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. A 2008, shekarar da John Donahoe ya karɓi jagorancin kamfanin, aka rage kuɗin ɗora kaya mai tsayayyen farashi zuwa santi 35 na tsawon kwana 30. Ajiye kati a dandali ana jiran mai rabo ya zama abu mai araha.

Masana huɗu, Liran Einav da Chiara Farronato da Jonathan Levin da Neel Sundaresan, sun bi diddigin bayanan eBay, suka wallafa bincikensu a 2018. A farkon shekarun 2000 kusan duk kayan da ke dandalin na gwanjo ne. Bayan shekara goma gwanjo ya koma tsiraru. Sun nuna cewa idan aka ɗauki kaya iri ɗaya, na gwanjo ya fi saurin samun mai saye amma a kan kuɗi ƙasa da na tsayayyen farashi. Sun kuma gano cewa sababbin masu sayarwa da masu kayan da ba su da tamka su ne suka fi karkata ga gwanjo. Raguwar tasa ba ta zo daga sauyin irin kayan da ake sayarwa ba. Masu saye ne suka gaji da jira, masu sayarwa kuma suka ga ribar gwanjo ta ja baya.

A kasuwar katuna, tantancewa ta ƙara wa wannan sauyi ƙarfi. eBay na nuna kuɗin da aka sayar da kaya a 'yan watannin baya, kamfanonin tantancewa da gidajen gwanjo kuma na ajiye tarihin cinikinsu a fili. Mai katin Hank Aaron ko Willie Mays na shekarun 1960 mai matsakaicin maki zai iya ganin ciniki goma na irinsa kafin ya sha shayin safe. Babu sauran abin da gwanjo zai gano masa. Abin da gwanjon zai kawo masa kawai shi ne kasada: idan daren da aka rufe mutum biyun da suka fi son katin ba su leƙo ba, zai tafi da araha, kuma ba a fasawa. Dillalin da ba ya gaggawa sai ya rubuta kuɗi sama kaɗan da cinikin baya, ya buɗe ƙofar tayi, ya jira wata uku ko shida. Abin da yake biya shi ne lokaci da jarin da ya kwanta.

Gwanjo ya tsira a gefuna biyu. A ƙasa, akwai magada da masu bukatar kuɗi da sauri da masu tarkacen katunan da ba a tantance ba, waɗanda tabbacin sayarwa cikin mako ya fi musu ƙarin 'yan daloli. A sama, akwai katin da babu irinsa, ko wanda rabon da a sayar da irinsa an yi shekaru, inda duk kuɗin da mai shi ya rubuta zato ne kawai. A nan ne gidaje irin su Heritage da Robert Edward da Goldin ke aiki, suna ɗora wa mai saye la'adar da ta kai kimanin kashi 20 cikin ɗari a kan tayin da ya yi nasara.

Yanayin kasuwa ma na sauya lissafin. Lokacin annobar korona, daga 2020 zuwa farkon 2021, kuɗin katuna ya yi tashin gwauron zabo, har PSA ya dakatar da karɓar yawancin aikin tantancewa a ƙarshen Maris na 2021 saboda cunkoso. A irin wannan hali farashin da aka rubuta makon jiya ya riga ya tsufa, mai ido ya ɗauke kati ya juyar. Da kasuwa ta fara sauka a 2022, sai abin ya juye: tsayayyun farashi suka maƙale a sama ba mai taɓawa, gwanjo ne ya fara faɗin gaskiya mai ɗaci.

Inda gubar take shiga

Daga nan ake ganin dangantakar hanyoyin biyu. Mai rubuta tsayayyen farashi ba daga kansa yake ƙirƙiro lamba ba. Aro yake yi daga cinikin da aka riga aka yi a fili, kuma ga katuna masu ƙaranci yawancin wannan ciniki gwanjo ne. Idan aka gurɓata gwanjo guda, kowane farashin da aka ɗora a kansa ya gurɓata.

Hanyar gurɓatawar tsohuwa ce. Mai kaya ko gidan gwanjo ya sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don a tura mai so na gaske zuwa iyakarsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, suna kiransa najashi, sun kuma hana shi. A tsarin da mai saye ke miƙa iyakarsa a asirce, duk wanda ya leƙa wannan lamba ya riƙe maƙogwaronsa.

Bill Mastro ya kasance mai gidan gwanjon kayan wasanni mafi girma a Amurka a zamaninsa. Kamfaninsa ya rufe a 2009 ana tsaka da binciken hukumar FBI. A 2013 ya amsa laifin zamba a gaban kotun tarayya da ke Chicago, ya yarda cewa an yi shekaru ana tayin bogi a gwanjonsa, aka kuma yanke masa ɗaurin wata 20 a 2015. A cikin amsa laifin ya tabbatar da wani abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa. Shi ne ya sayi katin Wagner ɗin nan a tsakiyar shekarun 1980 a kan dala 25,000, kuma ya datse gefunansa don ya yi kyan gani kafin ya sayar. Katin da PSA ya fara tantancewa, wanda Gretzky ya saya, wanda ya kafa tarihi a eBay, wanda Ken Kendrick na ƙungiyar Arizona Diamondbacks ya biya dala miliyan 2.8 a kansa a 2007, ashe an taɓa shi da wuƙa. A ƙa'idar masu tantancewa, katin da aka datse bai cancanci maki ba.

Lamarin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. A 2019 masu tara katuna suka riƙa kwatanta tsofaffin hotunan ciniki da sababbi, suna gano katunan da aka saya da ƙaramin maki, aka gyara su, suka dawo kasuwa da maki mai tsoka. A watan Agusta na 2021 eBay ya dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan masu gwanjon katuna a dandalinsa, bisa zargin cewa mutanen da ke da alaƙa da kamfanin sun yi tayin bogi. PWCC ya musanta zargin, ya koma sayarwa a nasa shafin. A 2022 eBay ya fara bi da katuna masu tsada ta hannun masu tantancewa kafin su isa ga mai saye, a 2024 kuma ya sayi gidan gwanjon Goldin. Kamfanin da ya shafe shekaru yana tura masu sayarwa zuwa tsayayyen farashi ya ga ba zai iya rabuwa da gwanjo ba a saman kasuwa.

Ciniki biyu a wata guda

Watan Agusta na 2022 ya haɗa hanyoyin biyu a wuri ɗaya. A farkonsa Goldin ya shiga tsakani aka sayar da wani katin Wagner, ba wanda aka datse ba, a kan dala miliyan 7.25 ba tare da gwanjo ba. Mai kaya da mai saye suka daidaita a tsakaninsu. Sun iya yin haka ne domin shekara guda kafin nan Robert Edward ya yi gwanjon wani Wagner a kan dala miliyan 6.6, don haka akwai ma'aunin da za a ɗora magana a kai. A ƙarshen watan kuma Heritage ya yi gwanjon katin Mantle na 1952 wanda SGC ya ba maki 9.5. Mai shi ya saye shi ne a 1991 a kan dala 50,000, ya ajiye shekara 31. Babu wani ciniki na kusa da za a auna shi da shi, kuma duk lambar da ya rubuta da kansa tana iya zama ƙasa da abin da wani zai biya. Ya bar wa masu takara, aka rufe a kan dala miliyan 12.6.

Ga mai riƙe da katin dala ɗari biyu, lissafin bai bambanta ba. Idan katin na da maki, ana kuma sayar da irinsa kowane mako, kuma babu gaggawa, tsayayyen farashi mai buɗaɗɗiyar ƙofar tayi ya fi kawo kuɗi. Idan babu irinsa a tarihin ciniki, ko ana bukatar kuɗin kafin ƙarshen wata, gwanjo ya fi. Mai saye kuma, ko ta wace hanya ya bi, amanarsa na kan lambobi biyu da wasu suka rubuta: makin da ke jikin gidan roba da kuɗin cinikin baya. Shari'ar Mastro ta nuna cewa kowacce daga cikinsu na iya zama ƙarya har tsawon shekara ashirin kafin kotu ta tabbatar.